Tabon Haƙori

A Racine, bakin tafkin da ido ba ya cin tsallakensa,
Asabar ba ta ɗakin ƙera haƙora ba ce.
Nakan bar muƙamuƙan roba su jiƙa a ruwa
in bi gwanjon gidajen da masu su suka rigu.

Kowa da abin da ya fito da shi:
wannan na latsa katifa, waccan na ƙirga cokula,
ni aljihun tebur nake ja,
can ƙurya, inda magada ke tura
abin da suka rasa yadda za su yi da shi.

Ba na shan taba. Ban taɓa ba.
Hansatu ta gaji da rantse wa baƙi,
in sun ga lofe talatin da ɗaya a kabad
kamar kwalekwale a ɗaure bakin gaɓa.
Takan ce, "Mai gidan nan makiyayi ne
da nono ke ɓata wa ciki."

Ku bari in faɗa muku.
Saiwa ce. Ta yi shekaru a ƙarƙashin tsakuwa
tana dunƙule ƙishirwarta wuri guda,
aka tono ta, aka dafa, aka shanya,
aka kai ta arewa, ƙasar Danmak,
hannun wani mutum a rumfar bayan gida
wanda bai ce mata "zama kaza" ba.
Juya ta ya yi ta yi a hasken taga
har ta nuna masa hanyar da jijiyarta ta bi.
Gefe ɗaya harshen wuta na hawa,
ɗaya gefen idanun tsuntsaye, dubu, ba mai ƙiftawa.
A ciki ya buga suna, ƙanƙane kamar ƙwayar gero:
Thorkil Brandbjerg.
Shi ke nan abin da ya ce wa duniya.

'Yan'uwana masu tarawa
sukan goge bakin da sanfefa har ya yi santsi,
wai tabon haƙori na karya farashi.
Ni nan nake fara karatu.
Wannan da hagu yake tauna, matauni biyu sun zube.
Wannan mai riƙe magana ne, ya kusa huda robar.
Wannan ko, leɓe kawai ya ɗora,
kamar mai tsoron tayar da jariri.

Makon jiya, ƙanƙara har ƙauri,
wani gida mai koren ƙofa.
'Yar mamacin ta miƙo mini tsohuwar safa,
ta ce dala ashirin, ko abin da ya sawwaƙa.
Na zazzage shi a tafin hannu.
Aikin Thorkil ne, tun ban duba ba na sani,
kwanon ya yi duhu kamar dabino,
yana ƙamshin wani ɗaki da aka rufe.

Na kai shi taga. Na juya bakin.

Tabo biyu, ɗaya ya ɗan karkace ciki.
Na san karkacewar nan.
Tsoho Aksel ne ya dage a kanta,
shekara tara ke nan, ya aiko da tsohon hoto,
ya ce in an jera masa su kamar sojoji
matarsa ba za ta gane murmushinsa ba.
Kwana uku na yi ina lanƙwasa haƙori ɗaya.

Matar ta ce, "Lafiya, malam?"
Na ce sanyi ne ke sa mini hawaye.

Yanzu yana can layin sama, shi kaɗai.
Thorkil bai san da ni ba, ni ban ga kabarinsa ba,
amma a bakin wani tsoho mai taurin kai
aikinsa da nawa sun gaisa
kowace yamma, bayan an kwashe kwanuka.

Hansatu ta tambayi nawa na biya.
Na ce ashirin.
Hamsin na bari a kan tebur, ƙarƙashin safar.